Kawu Mai Lasifika, Wanda Ya Zare Waya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, aka kashe ƙanin mahaifiyata, Kawu Mai Lasifika, a ƙofar majalisar dokokin jiha. Na ce kashewa, domin ni na wanke jinin da ke gemunsa.

Kawu, sana'arka ba da hayar lasifika, kuma ba ka taɓa tambayar mutum jam'iyyarsa ba. Sharaɗinka ɗaya ne: "Ku yi siyasarku, amma ba a zagin uwar kowa da kayana." Duk inda aka ɗauki lasifikarka sai ka bi ta da 'yar kujerarka, ka zauna kusa da batir. Da an ambaci uwar wani, ka zare waya. Muna maka tsiya cewa kai kaɗai ne kake karɓar haya ka hana magana, ka ce ai uwar ma mai jefa ƙuri'a ce.

Da masu mulki suka kawo dokar rage rumfunan zaɓe a unguwannin da ba sa cin ƙuri'a, 'yan adawa suka fito zanga-zanga, magoya bayan dokar suka tare su. Kowane ɓangare da lasifikarka yake ihu. Masu mulki suka fara ashar, ka zare musu waya. 'Yan adawa suka yi maka tafi, sannan suka rama ashar ɗin, ka tsallaka titi ka zare tasu.

Nan 'yan adawa suka ce sayenka aka yi. Wani ya sauke maka gora a ƙeya, wani ya fasa maka kai da batirinka, suka tattake ka har haƙarƙarinka ya karye. Masu mulki kuwa, da haushin tasu wayar da ka zare, suka harɗe hannu suna kallo.

Yau kowace jam'iyya ta buga hotonka tana cewa nata aka kashe. Ba kunya ba tsoron Allah! Har sun zo neman hayar lasifikarka don taron juyayinka. Inna, matarka, ta ce musu, "Wa zai zare muku waya?" Ta ja ƙofar shago ta kulle.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya bi maka haƙƙinka. Inna da ƙannena 'ya'yan Kawu, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.