Motar da ke bin haske

Mijina mai gyaran rediyo ne a unguwar Maamobi. Da ƙaninsa ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta daga Jamus, sai ya ƙudura haɗa 'yar mota mai bin haske da kanta. Ya samo wasu ƙwayoyi biyu kamar idon kifi, waɗanda wutar lantarki ke ratsawa sosai idan haske ya same su, ta ragu idan duhu ya yi. Yana so ya jona su da kafar da ake soka sandar sarrafa wasanni a bayan kwamfutar don ta auna hasken.

Wata rana da hantsi na kai masa koko, sai ya miƙo min rizista, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zane.

"Duba min zanen tsakiya. Ja ne?"

"Ruwan lemo ne, Malam."

Ya karɓi rizistan ya ajiye. A lokacin na lura yatsunsa duk ƙunar dalma ce.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun azumi nake gani dishi-dishi."

Ni na riƙe wayoyin, shi ya liƙa su da lalube. Motar ta motsa, tana jan wayarta.

"Ina ta nufa?" ya tambaye ni.

"Bakin ƙofa, wajen haske."

Ya ce alhamdu lillahi, bai yi murmushi ba.

A asibiti likita ya ce ciwon suga ne ya taɓa idanunsa, kuma mun makara. Kafin damina ta wuce ya rufe shagon, ɗanmu ya fara jan hannunsa zuwa masallaci.