Ƙaton Ƙarfe da Tulun Iri

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye ina da shekara tara, muna zaune a wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. Mulkin soja ne lokacin. Manyan motoci kan kawo jar dawa ta agaji, wadda tuwonta ba ya riƙe ciki. Geron da ya rage mana tulu ɗaya ne, shi ne irin shuka. Kakata, Iya Tabawa, ta gauraya shi da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. In tulun nan ya ƙare, ko ruwa ya sauka ba mu da abin ba ƙasa. Ni kuwa na ɓamɓare lakar ta gefe. Da ta tafi rijiya sai in zazzago tafi guda, in hure tokar, in tauna, in mai da lakar da yawu.

Cikin kwanakin nan kawuna ya tafi da ni kasuwar Mayahi, na ga tele, wato talabijin, karo na farko a filin lakwal, makarantar boko. Bayan jawabin wani mai kaki aka sa zane mai motsi: ƙaton mutum na ƙarfe, ya fi bishiyar kuka tsawo, yana ture duwatsu da hannu ɗaya. Na dawo gida bakina bai rufu ba.

Bayan magariba muka kewaye wutar kara a ƙofar ɗakin Iya, ni da ƙannena, ina ta zuba.

"Maigida," haka take tsokanata, "shi ƙaton nan naka, mi shika ci?"

"Ba shi cin komi, Iya. Ƙarhe ne."

"To wa ka tahiya da shi?"

"Wani yaro na zamne cikin kanshi."

"Af! Ai na san shi. Ku gyara zama, ga ta nan tahe."

Muka bushe da dariya, don tsohuwar ko rediyo ba ta yarda da shi ba. Amma ta fara. Wai an yi yunwa a wani gari, aka tara iri a rumbu ɗaya, aka rasa mai gadi, domin duk wanda aka sa yana da ciki. Sai maƙera suka ƙera ƙato marar ciki. Ashe ƙarfe ba ya motsi sai da mutum, dole aka sa yaro cikin kansa. Ɓeraye suka gudu, ɓarayi suka gudu. Rannan yunwa ta murɗe yaron, sai ga hannun ƙarfe ya ɗaga jinkar rumbu ya damƙo iri. Yana kai hannun sama sai yaron ya hango abin da na ƙasa ba sa gani: gonakin garin duka a share, kowace tana jira, da hadari siriri can gabas. Ya yi kuka, ya buɗe hannu, irin ya koma.

"Shi ke nan, ta ƙare. A tahi a kwanta."

Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ashe ta sani. Na tsaya jiran bulala, sai na ga ta jawo tulun ta dire kusa da tabarmata.

"Ni na tsuhwa da gadi, maigida. Daga yau kai ka tsaronshi."

Wata huɗu ina kwana da tulun nan. Wasu ranakun har ƙanshin geron nake ji ta cikin laka. Ban sake taɓawa ba.

Da ruwan shuka ya sauka, irin ya kai ko'ina a gonarmu sai kusurwar yamma, wajen taku ashirin. Babana ya tsaya yana mamaki, don ya san awonsa. Iya ta kwance bakin zanenta ta zuba mini wake a hannu.

"Je ka cike gurbin," ta ce. Babana bai taɓa jin dalili ba har ya bar duniya.

Yau ƴaƴana na kallon irin ƙattan nan a wayar hannu, suna gardamar wanda ya fi ƙarfi. Ni na daɗe da daina mamakin ƙarfe. Abin da har yanzu yake sa ni hawaye shi ne tsohuwar da ta san ɓarawonta, ta kuma san yunwarsa, ta ɗauki abincin gidanmu na shekara guda ta ajiye a gefen kansa, ta juya ta yi barcinta.