Furar da Inna ta dama wa autanta

Shekarar da mura mai zafi ta ratsa garinmu, a ƙasar Garhanga, kowa ya kwanta ya tashi, ban da Inna. Zazzaɓin ya sake ta cikin mako biyu, amma ƙarfinta bai dawo ba. Matar da take ɗaukar duwatsun tare ruwa a ka tun daga tudu, sai ga ta tana hutawa tsakanin ɗaki da randa.

Na kai ta asibitin Keita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba jini, ya saurari ƙirji, ya ce bai ga komai ba. "Wataƙila tunani ke damunta," in ji shi. Maƙwabta kuwa dama sun gama nasu binciken: kewar autanta ce, wanda ya tafi cin rani Abijan shekara uku bai leƙo ba. Wasu har suna cewa son jiki ne. Wannan ya fi ciwon ci mata rai. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yarda da zancen kewa. Na matsa wa ƙanena a waya har ya hawo mota.

Ranar da ya iso ban taɓa ganin murna irin tata ba. Ta yi guɗa, ta ƙwace taɓarya daga hannuna, ta ce ba mai daka wa ɗanta fura sai ita. Ta daka, ta dama, tana dariya. Muka ce shi ke nan, an sami magani.

Washegari ta kasa ɗaga ludayi. Kwana huɗu tana kwance, ɗan nata na zaune a gefenta, fuskarta fes da farin ciki, hannunta kuwa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na tsaya ina kallonta, tsoron Allah ya kama ni. Ashe akwai abin da zai ɓuya a jikin mutum, allura ba ta gan shi ba, murna ma ba ta kore shi ba.

Ta ɗago ido ta dube ni. "Ɗiyata, kin gani? Zucciyata lahiya lau take. Jikin ga na ya ƙiya. Ki tahi ki hwaɗa musu."

Na bi gida gida na faɗa. Sai da na gama na lura ba ta ce in fara da maƙwabta ba, ni ta fara gaya wa.