Sunan da Inna Larai Ba Ta Faɗa

Innarmu Larai mutuniyar Taura ce. Ko da tsufa ya sa na ɗauko ta na dawo da ita gidana a unguwar Takur da ke Dutse, halinta bai sauya ba. Awakinta ta sa aka ɗaure a bayan gida, kullum kuma tana mitar geron Dutse ba ya daɗin fura. Mace ce mai baki, in ta fara faɗa sai dai ka nemi wurin zama. Amma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan yayanmu Yahuza a bakinta ba.

Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ba ta ɗaukarsa a gaban jama'a, ana yaye shi kuma kakarmu ta tafi da shi. "Wancan" take ce masa. In ya zo gaishe ta, sai ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke gabanta. Ni dai abin haushi yake ba ni. Na sha ce mata, "Inna, yanzu wa yake wannan?" Sai ta ce, "Ai ku ne marasa ta ido."

Da ciwon hanta ya ci ƙarfin Yaya, likitoci suka ce sai dashe. Ƙaninmu Sagiru ya yarda a yanki ɓangaren tasa a sa masa, suka tafi Indiya tare da Munira, matar Yaya. Ranar tafiya Inna ba ta raka su ko ƙofar gida ba. Sai da na shiga ɗakinta na tarar da ita a kan sallaya, mayafinta ya jiƙe da hawaye.

Aiki ya yi kyau, Sagiru ya farfaɗo. Yaya ne ya ƙi tashi. Munira ta yi mana bayani a waya: an zura masa bututu ta baki, inji ne yake yi masa numfashi, ana ba shi maganin barci don kada ya ji wahalar bututun. Kullum da safe sai a rage maganin, a ga ko zai buɗe ido, ya matse hannu in an ce ya matse. Sai ya yi haka za a cire. Shi kuwa da an rage sai ya firgita, ya yi ta kokawa da bututun, dole a mayar da shi barci. Likitan ya ce in aka daɗe a haka huhunsa zai iya kamuwa, har ta kai a huda masa maƙogwaro.

"Ya ce a nemo muryar da ya fi sani, a kira sunansa," in ji Munira. "Na yi har na gaji, Yaya Ikilima. Ko Inna za ta taimaka?"

Na dubi Inna. Raina har ya fara ɓaci, ina zaton za ta ƙi. Can ta kori jikokinta waje, ta ce in ja labule. Ni ma da ta iya riƙe wayar da ta kore ni.

Munira ta kara masa wayar a kunne. Inna ta buɗe baki ta rufe. Sannan a hankali, kamar mai taɓa tukunya da zafi, ta ce, "Yahuza." Ta sake faɗa. "Yahuza, ni ce. Kwantar da hankalinka, ka yi abin da suka ce."

Sai muka ji Munira tana kuka tana cewa ya daina fizge-fizge, ya buɗe ido, ya matse hannun likita. Ban taɓa jin tausayin Inna irin na ranar ba. Washegari aka cire bututun.

Da muryarsa ta dawo, a dishe, ya nemi a ba shi Inna a waya.

"Inna, na ji kin kira ni."

Ta juya mini baya, ta sa bakin zane tana goge fuska.

"Ikilima, gaya wa wancan maganin barci ne ya yi masa gizo. Ya ci abinci."