Ruwan Batir da Gawayin Totuwa

Babana mai gyaran batirin mota ne a kasuwar Wunti, kuma tun ina ƙarama bai taɓa barin ɗiya mace ta taka ƙofar shagonsa ba. Sai da ƙanwata ta kai shekarar ƙarshe a jami'a dokar ta faɗi. Ƙanwata nake ce mata, amma 'yar ƙanin Baba ce, a gidanmu ta tashi. Ita ta karanta kimiyya, ni kuwa na karanta Hausa, abin da Baba ke kira karatun abin da kowa ya iya.

Aikinta na kammala karatu shi ne cire dalma, ƙarfen nan mai guba, daga ruwan datti, kuma ruwan da Baba ke wanke batir da shi cike yake da dalma. Ruwan da shekara da shekaru yake sheƙawa a kwata, sai ga shi yana ɗurawa a jarka, yana ɗauko shi a keke mai ƙafa uku har gida, yana ce wa direba ya bi a hankali. Ni da na kawo masa mujallar da aka buga labarina a ciki, fifita ya yi da ita. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Da totuwar masara ƙanwata take aikin. Muka je gonakin Zungur muka cika buhuna, ni ce 'yar dako. A makaranta ake ƙona totuwar a rufe har ta zama gawayi, ta kawo gida a daka, a tankaɗe, ta mayar a jiƙa da wani magani, a wanke, a busar. Ta ce hakan ne ke buɗe ƙananan ramuka a jikin gawayin, su ne ke riƙe dalmar idan ruwa ya bi ta ciki. Wa ke dakan? Ni. Hancina baƙi ƙirin, ita tana gefe da farar rigarta tana ce mini, "Yaya, bai yi laushi ba." Ina daka ina jin kamar in haɗa da rigar.

Tana yawan faɗa mini, ina dakan, cewa ruwan zai fito garau amma ba na sha ba ne. Dalma ba ta da launi, sai na'ura ce ke nuna nawa ta rage, kuma ga ruwan batir a ciki. Na ji wannan har na haddace. Baba bai taɓa tsayawa ya ji ba, shi dai yabo yake yi.

Ran wata Asabar ya gayyato maƙwabtansa na kasuwa, tela da mai sayar da taya, su zo su ga ikon Allah. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ƙanwata ta zuba ruwan ta cikin gawayin, ya ɗiga fari tas a kofi, suna ta salati. Ta shiga ciki ɗauko takardar sakamako. Sai Baba ya ɗauki kofin, ya ce, "Abin da 'yata ta tace, ni zan fara sha." Ya yi bisimilla.

Ban san lokacin da na kai masa hannu ba. Kofin ya yi sama, ruwan ya jiƙe masa gaban riga.

Baba ya dube ni, a gaban baƙi, ya ce, "Ke dai hassada ce za ta kashe ki."

Ƙanwata ta fito da gudu, ta ga abin da ya faru, ta dafe ƙirji. "Baba, da ka sha da yanzu muna hanyar asibiti! Yaya ce ta cece ka."

Baba ya sunkuya yana kallon rigarsa. Na tsaya ina jira, don na san yau kam dole ya ce mini wani abu. Ya ɗago, ya juya wajen tela, fuskarsa cike da fara'a.

"Ka gani ko, Malam? Har yayarta ta koya wa."