Hannun Goggo a Bangon Shiri

Lokacin da na fara naɗar hirar matan da ke kawo nono cikin Tamale, ban san cewa shirin fodkas ma sai an yi masa fuska ba. Na ɗauka in an naɗi murya an ɗora a intanet, magana ta ƙare. Ashe akwai bango, wato ɗan hoton nan mai kusurwa huɗu da ke fitowa a waya kusa da sunan shiri. Girmansa bai wuce kan babban yatsa ba, amma shi mutum ke fara gani kafin ya yanke shawarar saurara ko wucewa.

Na kai aikin wajen wani tsohon abokin karatuna da ke zane da kwamfuta a unguwar Kalpohin. Surutu gare shi kamar rediyo, amma ya san sana'arsa. Na je masa da buri buhu guda. Na ce a sa makirfo, a sa saniya, a sa taswirar Gana, a sa sunana, a ƙasa kuma a rubuta bayanin shirin. Bai yi musu ba, ya haɗa mini duka. Sannan ya ƙanƙance zanen har ya koma girman da zai fito a waya, ya juyo mini da allon.

"Sista, me ka gani?"

Ban ga komai ba sai dagwalo.

"To, wannan ba bango ba ne, kasuwar Aboabo ce," in ji shi.

Ya ce kalma biyu sun isa, da manyan haruffa, launi kada ya wuce uku, sai fuska guda ɗaya. Makirfo kuwa kowa da shi, in na sa zan ɓace cikin taro. Na ji haushi, don ba na son a fi ni gaskiya, amma na yarda. Muka tsaya a kan suna, Bakin Ƙwarya, farin rubutu a kan shuɗi. Saura fuska.

Fuskar da nake so ta Goggo ce, yayar mahaifina. Rugarsu na can gaba da Dungu, kuma tun kafin a haife ni take kawo nono da wagashi, wato cukun nono, unguwar Changli. Ita ta buɗe mini bakin sauran matan. In ba ta zauna kusa da ni ba, ba mai ce mini uffan bayan gaisuwa. Shirin nawa ne a suna, amma a hannunta yake. Matsalar ita ce Goggo ba ta son hoto. Ko a biki, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi. Na yi ta lallashi har ta gaji da ni.

"Don ke ce," ta ce. "Amma sau ɗaya."

Na ɗauke ta tana miƙo ludayi cike da nono, tana yi mini dariya. Hoton ya yi kyau ƙwarai.

A hoton tana fuskantar gefe guda, rubutun kuma yana ɗaya gefen. Abokina ya ce ido na bin inda fuska ke kallo, don haka dole ta kalli sunan shirin. Ya danna abu ɗaya, hoton ya juya kamar a madubi. Muka duba launi, muka duba ko ƙugiyar Ƙ ta fito sosai, muka yaba wa kanmu. Na ɗora shi, na watsa a Wasaf, har na buga 'yan sitika na raba wa masu babura da direbobin yalo-yalo, wato keke mai ƙafa uku. Cikin mako guda Goggo ta zaga gari fiye da yadda ta taɓa yi da ƙafa.

Sai dai da hoton ya juya, ludayin ya koma hannun hagu.

Wanda bai zauna a nan ba zai ce mene ne a ciki. A Tamale ko canji za ka miƙa da hagu don damanka na riƙe da kaya, sai ka ba da haƙuri. Abinci kuwa ba a maganarsa. Raini ne, wasu ma su ce mai ba ka da hagu akwai abin da ya ƙulla. Ga shi kuma nono ne, abin da mutanen ruga ba sa wasa da shi. Ni da abokina duk haifaffun garin nan ne, duk mun sha duka a kan hagu muna yara, amma idanunmu huɗu na kan haruffa.

Wata mai koko a Changli ce ta nuna wa Goggo a waya, a gaban mutane.

"Mma, yanzu da hagu kana ba mutane nono? Ka yi kuɗi ke nan!"

Aka yi dariya. Wasa ne, amma wasan ya bi ta gida gida, har wata tsohuwar mai saye ta ce a bar mata nonon na yau. Ranar da na saba zuwa naɗar hira, na iske matan kowa da uzurinta. Goggo ta daina ɗaga wayata.

Mun gyara na intanet a ranar. Sitika kuwa ina zan bi su? Babur ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na ɓamɓare waɗanda na samu, sauran na ta yawo.

Na hau babur na tafi ruga da kwamfutar abokina a jaka. Na nuna mata hoton asali, na juya shi a gabanta, na mayar, na sake juyawa. Ta kalla har na gama.

"Goggo, kin gani, na'ura ce. Hannunki na dama ne."

"Ni na san hannuna," ta ce. "Duk wanda ya gani, kin bi shi kin gaya masa?"

Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don na san in ta ce ta fita, shirin ya mutu ke nan, ni kuma na ɓata mata suna a banza. Na zauna a tabarma ina jiran hukunci. Ta shiga bukka ta daɗe, har na fara tunanin sallama ce.

Da ta fito ta canza mayafi. Ta ciko ƙwarya har baki, ta tsaya a rana, ta tallabo ta da hannu biyu ta miƙo mini.

"Ɗauka," ta ce. "Ku je ku juya yadda kuka ga dama."

Wannan hoton ne a bangon shirin har yau. Ba ta yi dariya a ciki ba, ni kuma ban iya cewa ta yi ba.