Matar da Ta Roƙi Hannu Goma

Shekarar da sojoji suka yi bore a Bangui ina da shekara tara, bakina kuma yana da arba'in. Kaka ce ta yi wannan lissafin, ita kuwa ba ta ƙarya sai a tatsuniya.

Gidanmu yana bayan Titin Koudoukou, a unguwar Kilomita Biyar. Da an sallame magariba kowa zai shige gida saboda dokar hana fita. Lantarki kam ya riga kowa gudu tun farkon rikicin. Sai Kaka ta jawo kaskon gawayinta baranda, ta binne gyaɗa a cikin toka, mu kewaye ta: ni da Yaya Sani da 'ya'yan maƙwabciyarmu Zenaba, waɗanda suka fi jin yaren Sango a kan Hausa amma ba su taɓa fashi ba. Kaka 'yar mitsitsiya ce, in ta zauna bayan turmi sai an yi cigiyarta. Amma ban taɓa ganin bindiga ta katse mata magana ba. In aka fara harbi daga can cikin gari muka ƙanƙame juna, sai ta tona toka ta ce, "Ku rabu da su. Gyaɗarsu suke soyawa, mu ma tamu muke soyawa. Ina muka tsaya?"

Sunanta aka sa min, shi ya sa take kirana Takwara, Mama kuma take ce min Ummi.

A lokacin Baba ya maƙale da babbar motarsa a iyakar Kamaru, hanya ta rufe. Duk abin da za mu ci sai ya fito daga hannun Mama. Mama kuwa sana'arta huɗu. Tana soya makala, wato fanken da duk Bangui ke karya kumallo da shi. Tana dama kunun gyaɗa. Tana daka yaji ta ƙulla a leda. Tana kuma haɗa sabulu. Duka ita kaɗai. Makullai bakwai ne ɗaure a habar zaninta, in tana tafe daga kasuwar Kokoro za ka ji kacau-kacau ɗinta tun kana Kilomita Biyar. Ba ta awo da komai sai tafin hannunta, don haka ba wanda ya san sirrin kwaɓinta sai ita da Allah. In Yaya Sani ya ɗauki ludayi, sai ta ce, "Ajiye, za ka ɓata min." In Zenaba ta leƙo ta ce a kawo ta taya, sai Mama ta yi mata godiya da Sango mai daɗi, ta mai da ita gida. Ni kuwa ko inuwata ba a yarda ta gifta ta kusa da kwaɓi ba.

Da can tana da yini guda na yin wannan duka. Da rikici ya zo, ciniki ya koma daga asuba zuwa hantsi, kafin masu bindiga su gama shan shayi. Aikin bai ragu ba, lokacin ne ya tsuke. Mama ta rame har zoben hannunta ya fara yawo.

Kaka tana gani, amma ba ta da bakin magana, domin Mama 'yar farinta ce. A wurinsu Kaka, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, balle ta nuna damuwa a kansa. Kunya ce. Ko gwiwarsu na gugar juna, sai Kaka ta ce min, "Takwara, ce wa waccan ta miƙo min wuƙa." Ni ce wayar tarhonsu, ba a kuma taɓa biyana ba.

Wata Talata Mama ta zuba gishiri a kwaɓi a maimakon sukari, saboda robobin iri ɗaya ne, idonta kuma rabi a rufe. Wani direban tasi, tsohon mai sayenmu, ya gatsa makala ɗaya. Idonsa ya fito kamar fitilar motarsa. Na rantse ya sha rabin kogin Ubangi kafin ya iya cewa, "Mama, me na yi miki?" Muka yi dariya har Yaya Sani ya faɗi daga benci. Amma da ta sake sabon kwaɓi ta tsaya suya, gyangyaɗi ya ɗebe ta a tsaye, bayan hannunta na dama ya taɓa tafasasshen mai. Nan dariya ta ƙare.

Zenaba ta wanke mata, ta naɗe da tsumma mai tsabta. Mama ta ce gobe da hagu za ta soya. Ba taurin kai kaɗai ba ne. In teburinmu ya kwana biyu babu kowa a bakin titi, wata za ta kafa nata a gurbin, masu saye su bi ta, mu kuma mu koma kallon tukunya.

Da magaribar ranar Kaka ta jawo kasko, amma ba inda ta saba ba. Dab da ƙofar ɗakin Mama ta ajiye shi.

"Ga ta nan ta tsallako shingen sojoji ba a tambaye ta takarda ba," in ji ta.

"Ta shigo mu ji ta!" muka amsa.

Wai an yi wata mata a wani gari, ana ce mata Ni-Kaɗai. Tana rini, tana dakau, tana fura, tana kitso, ga goyo. Kullum kukanta ɗaya: hannu biyu ya yi mata kaɗan. Sai ta je gindin wata tsohuwar kuka a bakin rafi, inda wata aljana take zaune, ta ce a ba ta hannu goma. Aljana ta ce, "Kin tabbata hannu kike so?" Ta ce ita dai a ba ta. Kafin ta iso gida hannaye sun tsiro mata, biyu a haƙarƙari, biyu a baya, biyu a ƙugu, biyu a kafaɗa.

Ranar farko gari ya taru kallo. Rana ta biyu aka gane matsalar: hannu goma ne, kai guda. In ta kula da mai daka, mai kitso ya kitse gashin mata biyu wuri ɗaya. In ta juyo kan mai kitso, mai dama fura ya zuba toka. Hannun da aka aika ya yi wa jariri wanka ya tsoma shi a tukunyar baba, yaro ya fito shuɗi tas.

"Shuɗi har ina, Kaka?" na tambaya.

"Har cikin kunne, Takwara. Rufe bakinki kafin in tsoma ki."

Da dare hannu goma na ciwo, kai ɗaya ya kasa barci. Ni-Kaɗai ta koma gindin kuka tana kuka da hannu shida a ka. Aljana ta ce, "Mutum nawa ne a gidanki?" Ta ce uku, amma ba su iya komai ba. Aljana ta ce, "Wa ya koya musu?"

Nan Kaka ta ɓare gyaɗa, ta hure ɓawon a hankali. Daga cikin ɗaki muka ji makullai sun yi ɗan motsi.

Aljana ta ce, "Hannu shida ke nan a gidanki, kowane biyu da kansu a haɗe, Allah ya ba ki kyauta. Kika bar su kika zo kina tashina daga barci. To je ki. Duk aikin da kika koya wa mutum ɗaya, kika juya baya ba ki leƙa ba, hannu biyu za su faɗi." Ta koya wa ɗaya daka, hannu biyu suka faɗi. Ta koya wa ɗaya fura, ta koya wa ɗaya kitso. Saura hannu biyu a baya, mutane kuma sun ƙare. Ta koma ta ce yaya za ta yi da rini. Aljana ta ce, "Wannan ki bar wa masu rini. Ba duk abin da kika iya ne sai kin yi ba." Ranar da ta kife tukunyar baba, ta kwana da hannu biyu kamar kowa, ta yi barci har da munshari.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka, "kan ɓeran da ya ce shi kaɗai zai ja buhu."

Sai muryar Mama ta fito daga ɗaki. "Ummi, tambayi takwararki, in waɗanda aka koya wa suka ɓata aikin fa?"

Na juya zan isar da saƙo, Kaka ta riga ni. "Ce mata sau uku za su ɓata, na huɗu ya gyaru. Wadda ta koya wa wata suya ta ci ƙonannen ƙosai wata guda cur, ga ta nan ba ta mutu ba."

Ban isar da wannan ba. Ya isa da kansa.

Washegari Mama ta kwance habar zaninta. Ta ba Yaya Sani makullin ɗakin kaya kamar tana ba da ƙodarta. Kaka ta kawo gwangwanin tumatir da na madara da ƙusa. Mama ta ɗebi fulawa da hannun hagu yadda ta saba, ta zuba a gwangwani, Kaka ta ja layi da ƙusa daidai inda ta tsaya. Haka aka yi wa sukari da yis da ruwa. Sirrin da ya shekara goma a tafin hannu ya koma jikin gwangwani kafin hantsi. Aka kori gishiri zuwa kwalba, sukari ya samu shuɗin bokiti shi kaɗai. Zenaba ta karɓi suya, ana raba mata nata. Yaya Sani ya karɓi tebur da ɗauko kaya. Ni aka naɗa ni sarauniyar awo da kunu. Yaji aka ce ranar Lahadi kawai za a daka na mako. Sabulu kuwa Mama ta daɗe tana kallon baho, sannan ta kife shi da ƙafa.

Kaka ta ƙara doka ɗaya: kafin magariba a haɗa duk kayan gobe a tire guda a bakin ƙofa, kuma komai na tebur ya zama abin da za a kwashe a gudu ɗaya in an fara harbi.

Makalarmu ta farko, da an ba sojoji ita da an gama yaƙin a ranar. Yaya Sani ya jefi kare da guda, karen bai sake bi ta layinmu ba. Mama tana zaune da naɗaɗɗen hannu, bakinta na rawa, ƙafarta na son tashi. Duk sanda ta yunƙura sai Kaka ta yi tari. Makala ta biyu ta sha mai. Ta uku ta ƙone a gefe. Ta huɗu direban tasi ya ci biyar, ya sa aka ƙulla masa goma.

Bayan mako uku Mama ta je Kokoro neman fulawa da la'asar, harbi ya ɓarke, aka tare hanya. Dole ta kwana gidan wata ƙawarta. Ta ce ba ta runtsa ba, tana ta ganin teburinmu babu kowa da wata mata tana kafa nata. Gari na wayewa ta taho da gudu, buhu a ka. Ta tarar da hayaƙi na tashi, Zenaba na juya makala, ni ina zuba kunu ina yi wa masu saye surutu kyauta. Ta sauke buhu. Ta ɗauki makala ɗaya ta gutsura, ta tauna kamar alƙali.

"Sukari ya ɗan yi yawa," ta ce.

Daga nan ta shige ɗaki ta kwanta. Ban taɓa ganin Mama tana barci da rana ba, har na je na sa yatsa a hancinta in tabbatar. Kaka ta fatattake ni, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, ta zauna da mafici. Ta kori kaji, ta kori 'ya'yan Zenaba, ta kori mai tallan gawayi tun bai buɗe baki ba. Da jirgi ya wuce ta sama ma sai da ta harare shi.

Yanzu shekarata goma sha shida. Da farko abin da na ɗauka daga tatsuniyar shi ne a raba aiki, don haka na raba wa 'ya'yan Zenaba shara da wanke-wanke na riƙe kulawa, har Mama ta gyara min fahimta da muciya. Sai bara na gane sauran, da na haɗa makaranta da kitso da lalle da teburin Mama, na wayi gari na zana wa wata amarya fure a ƙafa ɗaya, ɗayar kuma wani abu mai kama da kada. Na zauna na tambayi kaina tambayar aljana: wa na koya wa, kuma wane baho ne zan kife? Koyarwar ba ta yi min wuya ba. Juya baya kar in leƙa, shi ne aikin.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba gwangwani ba ne. Kaka ba ta taɓa kiran sunan Mama ba har yau. A da ina ganin wannan kunyar katanga ce tsakaninsu. Ranar nan ta barcin rana, da azahar, da Mama ta motsa cikin barci, na ga Kaka ta miƙa hannu ta cikin labule ta gyara mata tsumman da ke hannunta, a hankali, don kar ya goge ciwon. Ta ɗago ta ga ina kallo.

"Takwara," ta ce, "in kika faɗa wa waccan, sai na tsoma ki a baba."